Alkafurar da Kaka Bai Ƙarasa Ba

Ban taɓa sanin ana dariya a zaman makoki ba sai da Kaka ya rasu.

Da hantsi ya cika, a kujerarsa ta saman bene, da gwangwanin hatsin tattabaru a cinyarsa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na maimaita wannan kalma a ranar har harshena ya yi nauyi, kuma duk sanda na faɗa da gaske nake. An yi masa salla bayan La'asar aka kai shi. Da Magariba aka jera kujeru a layinmu na unguwar Sharafiyya a Jidda, maza suka zauna a ƙasa, mu mata muka cika falon Habboba, kakata ke nan, har idan mace za ta yi atishawa sai ta nemi izinin maƙwabciyarta.

Ni aka tsayar a tagar kicin ina cika butocin gahawa ina miƙa wa Yaya ya kai ƙasa. Babu wurin da ya kai tagar nan kyau ga mai son ganin abin da bai shafe ta ba. Daga nan na ga tsofaffin da suka taso tare da Kaka a Sudan suna isowa, wasu da sanda, wasu da jikoki a madadin sanda. Kowa zai riƙe hannun Baffa, ƙanen mahaifina, ya yi gaisuwa yadda ya kamata, ya sami kujera. Sai wani mai rawani ya karkato wajen na kusa da shi ya ce, "To, Kaftin Na-Fasa, yau dai bai fasa ba."

Kafaɗunsu suka fara rawa. Layi guda na dattawa, kowa ya toshe baki da gefen rawani, hawaye na zuba, ba ka iya cewa na kuka ne ko na dariya.

Na ruga falo na raɗa wa Habboba abin da na ji, ina jiran ta tashi ta kore su da tsintsiya. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ita ma kafaɗunta suka kama rawa. Tsofaffin matan da ke kewaye da ita suka ɗauka. Mutum ɗaya ce ba ta yi ko murmushi ba: Gwaggo, mai sayar da turare da yadi a Bab Makka. Ba 'yar'uwarmu ba ce ta jini, amma tun da na yi wayo Kaka ke kai mata dabino da tulun gas duk ƙarshen wata, kuma ba a yanka ragon layya a gidanmu ba a ware mata cinya ba. Ta dubi carbinta kawai ta ce, "Allah Ya jiƙan mai hankali."

Daga nan tambaya ta shiga kaina ta shimfiɗa tabarma. Me Kaka ya fasa?

Washegari wata damuwar ta biyo baya. Na ji Baffa yana gaya wa Yaya a kan matakala cewa mai gidan da muke haya don girman Kaka kawai yake haƙuri da kashin tattabaru a kan tankunan ruwa, kuma shi Baffa ya riga ya sami mai sayen tattabara. Da an tashi zaman makoki mutumin zai zo. Ba don garken duka zai zo ba, don Majnuna zai zo, kuma sai ya ga wasanta da idonsa.

Majnuna, wato mahaukaciya, farar tattabara ce mai jan wuya. Tana cikin irin tattabarun nan da ke adungure a sararin sama, suna juyawa baya-baya kamar an harba su da roba. Sauran sukan juya kaɗan su buɗe fuka-fuki su ci gaba da tafiya. Ita Majnuna idan ta fara, mantawa take yi akwai wani abu wai shi ƙasa. Tana ta juyawa tana saukowa kamar ƙwallon auduga, sai zuciyarka ta iso maƙogwaro sannan ta farka. Kuma tafi ne ke tayar mata da abin. Idan aka yi mata tafi ba ta yi nisa a sama ba, a kan siminti za ta farka, in za ta farka. Ni na sani, Kaka ya sani. Wanda zai zo saye wasa kawai yake son gani.

Bari in faɗi wane ne Kaka, don kada ya tafi a bar mu da sunan tsokana kawai.

Dogo ne siriri, har idan ya tsaya a gefen eriyar bene sai tattabaru su rasa wadda za su sauka a kai. Yana ɗan saurayi ya yi tuƙin jirgin feshi a gonakin auduga na Sudan, irin ƙananan jiragen nan da ke bi ta kan shuka ƙasa-ƙasa suna watsa magani. Daga baya ya zo aikin Hajji da Habboba, ya zauna, ya yi shekaru yana tuƙa motar kaya tsakanin tashar jiragen ruwa da kasuwa. Mutumin da ya tuƙa jirgi, amma a titi ko mai keke wuce shi yake yi. Yaya yakan ce idan Kaka ya ɗauke ka zuwa ɗaurin aure, a wajen suna za a sauke ka.

Dokokinsa na saman bene biyu ne. Ta farko, ba a Larabci. "Larabci a ƙasa, Hausa a sama," in ji shi. "Tattabaruna ba su da iƙamar zaman ƙasar nan, ba sa jin Larabci." Duk jikan da ya kuskura ya ce yalla sai ya sauka ya sake hawowa da sallama. Ni na sauka na hawo har ƙafafuna suka iya Hausa kafin bakina. Ta biyu, ba a tafi.

Yaya ne ya taɓa karya ta biyun. Ya hawo da abokansa wata rana Kaka yana masallaci, ya saki garken don burge su. Uwar Majnuna tana daidai saitin hasumiyar masallacin unguwa suka kwashe da tafi da fito. Ta fara juyawa, ba ta daina ba sai a kan mukayyif ɗin maƙwabta, wato na'urar sanyaya ɗakinsu. Kaka ya dawo ya same ta a hannun Yaya, wuyanta ya langaɓe. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi sauƙi. Ya karɓe ta, ya naɗe ta a hankicinsa, ya daina yi wa Yaya magana har azumi ya shigo ya fita. Idan yana son gishiri a wajen buɗa-baki, kuma gishirin na gaban Yaya, sai ya dube ni ya ce, "Amarya, gaya wa mai tafi ya miƙo gishiri." Sai da safiyar Salla ya kira shi ya ba shi turare, ya ce, "Ba kai ka kashe ta ba. Amma kai ka ce mata yanzu, alhali ba yanzu ba ne."

Amarya yake ce mini, kamar yadda kakanni ke tsokanar jikoki mata. Ni kuma in ce masa angon da haƙoransa ke kwana a kofi.

Abin da ya fi so bayan tattabaru shi ne wayata. Bayan La'asar, idan iska ta fara busowa daga teku, sai ya gyara zama ya ce, "Amarya, kawo akwatin nan naki. Nemo mini masu faɗuwa." Yana nufin hotunan bidiyo na wasan jiragen sama, inda matuƙi ke alkafura kusa da ƙasa a gaban 'yan kallo, wani lokacin abin ya ƙare da hayaƙi. Da farko na ɗauka tsoho ne kawai mai son tashin hankali. Ashe bai taɓa kallon faɗuwar ba ko sau ɗaya.

Jirgi zai taso ya miƙe sama, ya kifa, cikinsa na kallon rana, kan matuƙin na kallon ƙasa. Daidai nan Kaka zai ɗora yatsa a hannuna.

"Tsaya. Nan ne."

"Kaka, ai bai faɗi ba tukuna. Ga shi can a ƙololuwa."

"Ya faɗi. Shi ne bai sani ba."

Ya yi mini bayani da faifan tuwo. Alkafura da'ira ce, rabinta hawa, rabinta sauka, kuma rabin saukar yana buƙatar fili a ƙarƙashinsa. Idan matuƙi ya kai ƙololuwa a kife, kafin hancin jirgin ya dubi ƙasa, dole ya kalli allurar da ke gaya masa tsayinsa. In tsayin ya kai abin da ya ɗibar wa kansa tun kafin ya tashi, ya ci gaba. In bai kai ba, ya mirgina ya daidaita jirginsa ya tafi gida. "Ƙiftawar ido ce gare shi," in ji Kaka. "Da hanci ya dubi ƙasa, ciniki ya ƙare. Sauran duk jiran lokaci ne."

"To me ya sa ba sa fasawa?"

"Kin ga mutanen can da suka cika fili? Su ne."

Kowane hoto da abin da yake gani a cikinsa. Wani zai ce, "Wannan bai gyara allurarsa ba. Ya saba da filin garinsu, ya zo filin da ke kan tudu, allura na ce masa yana sama alhali ƙasa ta taso ta tarye shi." Wani kuma, "Dubi inuwar mutane, duk tana ƙarƙashin ƙafafunsu. Tsakar rana ce. Iska idan ta yi zafi tsinkewa take yi kamar kunun da aka cika wa ruwa, ba ta ɗaukar fiffike. Abin da ya yi da sanyin safiya ya zo zai yi da Azahar." Akwai wanda ya ce ya tsorata ne ya fizgi sanda da ƙarfi, fiffiken ya saki iska gaba ɗaya. Akwai wanda ya yi wasansa a kan teku ranar da ruwa ya kwanta kamar faranti, ido ya kasa gane nisansa. Akwai wanda ya gama duk abin da ya shirya lafiya lau, ya ji ihun jama'a, ya ƙara guda ɗaya kyauta.

"Wannan kuma," ya ce da wani, "mahaifiyarsa yake nema a cikin taron."

"Kaka, yaya aka yi ka sani? Ko fuskarsa ba a gani."

"Ban sani ba. Amma dubi yadda fiffiken ya karkata wajen rumfa."

Daga nan sai ya ce in kashe, ya ɗaga hannu ya yi wa matuƙin addu'a, ko wane ne, ko daga ina yake. Bai taɓa kiran ɗayansu wawa ba. Da na taɓa kiran wani haka, sai ya ƙwace wayar ya zauna a kanta har aka kira Magariba. "Waɗannan duk sun fi ni iya tuƙi," ya ce. "Wanda bai iya ba ai ba ya kusantar ƙasa a kife."

A haka na zama gwana. A makaranta malamar lissafi na ganina take neman maganin ciwon kai, amma ka nuna mini jirgi a kife, in gaya maka ko matuƙinsa zai ci tuwon dare.

Sau ɗaya tak na ga Kaka ya yi tafi. Ranar bikin ƙasa ce, muka je Kornish, bakin teku, kallon jiragen da ke zana launuka da hayaƙi a kan teku. Jidda kaf ta zo, har ina jin waɗanda ke asibiti ma an turo su da gadajensu. Kowa ya ɗaga waya, Kaka kuwa ya miƙe hannu ɗaya, ya rufe ido ɗaya, yana auna tazarar jirgi da ruwa da yatsunsa. Can wani jirgi ya hau shi kaɗai, ya kife, sai kawai ya mirgina ya daidaita ya wuce abinsa ba tare da ya zagayo ba. Jama'a suka yi guna-guni. Kaka ya jingina sandarsa a jikina ya shiga tafi shi kaɗai kamar an yi masa jika.

Wani mutum da ke gefenmu ya ce masa da Larabci, "Ya Hajj, ai wannan bai yi komai ba."

Kaka ya amsa masa, "Shi na zo gani."

Ni kuwa kunya ta sa na nutse cikin abayata har sai da aka nemo ni.

Duk wannan na sani, amma ban haɗa shi da sunan nan ba sai ranar ƙarshe ta zaman makoki. Da rana ne, mata sun ragu, Habboba ta miƙe ƙafa ina matsa mata, Gwaggo na gefe da carbinta. Na ce, "Habboba, ko ki gaya mini abin da Kaka ya fasa, ko in sauka in tambayi mai rawanin nan a gaban kowa."

"Za ki iya, marar kunya," ta ce. "Matsa nan, wajen idon sawu."

Ta ce a zamaninsu matuƙan jirgin feshi suna da wata al'ada tasu. Idan ɗayansu zai yi aure, ranar kai amarya yakan ɗauki jirgi, tanki babu magani, ya zo kan gidan su yarinyar ya yi alkafura guda. Gaisuwar ango suke ce mata. Ba wanda ya rubuta ta, ba wanda ya ba da izini, amma angon da bai yi ba sai a ce amaryarsa ba ta kai ba.

"Ni kuwa na gayyaci duniya," in ji Habboba. "Ƙawayena sun hau kan katanga, yara sun cika bishiyoyi, kakata an fito da ita a kan gado. An ce da safe zai zo. Sai aka tsayar da su feshi a wata gona, bai samu kansa ba sai da rana ta take. Muka ji ƙugi. Ga shi nan tafe, ƙasa-ƙasa, har kajinmu suka musulunta. Ya miƙe sama, ya kife, mata suka fara guɗa. Sai mutumin nan ya mirgina kamar mai gyara kwanciya, ya miƙe, ya tafi. Guɗa ta tsaya a maƙogwaron mutane. Muka jira ya dawo. Ya dawo kam, da yamma, a kan jaki."

"Me ya ce?"

"Abokansa suka kewaye shi, me ya faru, inji ne? Da ya ce inji ne da an wuce wurin. Sai ya ce, 'Lafiyar inji ƙalau. Na duba, bai kai ba, na fasa.' Shi ke nan suna ya bi shi. Ni mako guda ban dube shi ba. Har yau idan na tuna fuskar ƙawayena sai in ji kamar in tashe shi mu sake."

Na yi dariya har na faɗo daga kan kujera. Da na ɗago sai na ga Gwaggo ta ajiye carbi.

"Ba ta ƙarasa miki ba, 'yata," ta ce. "Bayan an cire audugar shekarar aka yi nawa bikin. Angona amininsa ne, tare suka koyi tuƙi. Shi ya fi kowa yi wa kakanki dariya, shi ne ma ya raɗa masa sunan. Ya ce mini, ke dai ki hau katanga, ba za a ce taki gaisuwar rabi ce ba." Ta gyara mayafinta. "Na hau. Shi ma da rana ya zo. Da ya kife na ga kansa ta gilashi, ni yake nema. Ya ƙarasa da'irarsa a gonar da ke bayan gidanmu. Da lallen a hannuna na shiga takaba."

Gwaggo ta sake ɗaukar carbinta.

"Kakanki ne ya fara isa wurin," ta ce. "Bai sake hawa jirgi ba. Kuma daga ranar har ya koma ga Allah bai taɓa ce mini da ya ji maganata ba, don bai ma yi masa maganar ba. Abin da ya riƙa cewa shi ne, da bai sha dariya a kan idon amininsa ba, wataƙila da shi ma ya iya fasawa. Sai ya bar sunan ya zauna. Duk wanda ya kira shi da shi, amsawa yake yi."

Washegari mai saye ya zo, kuma don Allah Ya gwada ni, bayan Azahar ya zo, wai lokacin ne ya tashi daga aiki. Ya taho da abokai biyu, kowanne da waya a hannu. Baffa ya ce in sa abaya in hawo, don garken ba su san muryar kowa ba sai ta Kaka da tawa. Habboba tana takaba, ba za ta fito gaban baƙi ba, sai ta sa aka kai mata kujera bayan ƙofar bene, Gwaggo ta zauna a matakala kusa da ita.

Na ce, "Baffa, rana ta yi zafi. Kuma tun rasuwar ba su tashi ba, Yaya yana ta ɗura musu hatsi kamar ragunan layya. A bari sai gobe da sassafe."

"Ya binti, mutum ya bar aikinsa ya zo. Yalla, buɗe."

Na so in ce masa ya sauka ya sake hawowa da sallama, amma na ga fuskarsa ba ta wasa ba ce.

Na buɗe akurki, na ɗaga doguwar gorar Kaka mai tsumma a kai, na kaɗa. Suka tashi da ƙyar, kamar matan da aka taso daga walima. Suka zagaya tankunan ruwa, suka zagaya hasumiya. Na kaɗa gora har kafaɗata ta nemi ta bar ni, suka ɗan ƙara sama, suka tsaya nan suna kewayawa. Yaran maƙwabta suka fara leƙowa daga nasu benayen. Wani ya kira wani, kafin ka ce me, Sharafiyya ta fito kallo.

Kaka ba shi da allura a saman bene, amma yana da ma'auninsa. Yakan ce, "Idan kina iya bambanta launinsu, ba su yi sama ba. Sai sun koma baƙaƙe duka, ƙanana kamar riɗi." Na ɗaga kai. Ga mai toka-toka, ga mai zanen fiffike, ga Majnuna fara sol, har jan wuyanta ina gani kamar ta ɗaura ɗankwali.

"Halas, haka ma ya isa," in ji mai saye. Ya miƙa wa abokinsa waya, ya ware tafukan hannunsa. "Wai tafi take so, ko?"

Na dubi Yaya. Ya tura hannayensa biyu cikin aljihu har wuyan hannu, yana kallon mukayyif ɗin maƙwabta.

Gaskiya ina son a ga wasan Majnuna. Ina son mutanen nan su buɗe baki su kasa rufewa, a ce tattabarar kakan yarinyar nan ce. Ga wayoyi a sama, ga yara a kan katanga, ga Baffa yana gyaɗa mini kai. Ban taɓa sanin idanun mutane suna da nauyi haka ba, kamar kowa ya ɗora mini tulun gas a ka.

Na jefar da gora, na suri gwangwanin hatsi, na girgiza shi da duk ƙarfina, ina kiran da Kaka ke yi. Ga tattabarar da ta ƙoshi ma, ƙarar gwangwanin nan ta fi kiran uwa. Kafin tafukan mutumin su haɗu, garken ya karyo gaba ɗaya. Majnuna ta sauko a miƙe kamar mutuniyar kirki, ta dira a kan tanki, ta shiga gyaran gashinta.

Yaran katanga suka yi mini ihu. Mai saye ya dubi Baffa ya ce, "Ya shekh, tattabaru ka ce mini ko kaji?" Abokansa suka kwashe da dariya, ɗaya har yana ɗaukar hotona da gwangwani a hannu.

Baffa ya matso, jijiyar goshinsa ta miƙe. "Mene ne haka? Me ya same ki?"

Na nemi ƙarya, wallahi na nema. Shaho, iska, ciwon hannu, duk sun zo bakina. Abin da ya fito shi ne, "Lafiyata ƙalau, Baffa. Na duba, ba su kai ba. Na fasa."

Daga bayan ƙofa dariyar Habboba ta fashe, irin wadda ban ji ba tun kafin rasuwar, har da tari. Baffa ya waiwaya wajen ƙofar. Ya juya ya dubi kujerar Kaka da ba kowa a kanta, ya daɗe yana dubanta, sannan ya raka baƙinsa ƙasa yana ba su haƙuri.

Da suka sauka, Gwaggo ta turo ƙofa ta fito cikin ranar nan, tana dafa bango. Ta tsaya a gaban tanki tana kallon Majnuna. Da Baffa ya dawo sai ta ce masa, "Ɗana, gidana na Bab Makka tsoho ne, amma samansa nawa ne, ba mai yi mini ƙorafin kashi. A kai mini su duka. Yarinyar nan ta riƙa zuwa tana tashinsu."

"Gwaggo, ɗawainiya ce fa."

"Mahaifinka ya yi shekaru yana hawa matakalata da tulun gas. Bar ni in ɗauki tawa."

Yanzu can suke. Duk Juma'a da sassafe Yaya ke kai ni, shi ke ɗaukar buhun hatsi, kuma da mun hau yake tura hannu a aljihu ba sai an gaya masa ba. Sunan ya riga ya bi ni har makaranta, ban san wanda ya kai shi ba, ko da yake ina zargin mai aljihun. Idan an kira, amsawa nake yi.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya yalwata masa makwanci, Ya haɗa shi da amininsa a inda ba rana mai zafi, Ya jiƙan duk waɗanda ya yi wa addu'a bai san sunansu ba.

Juma'ar da ta wuce garken ya hau har na daina ganin fari da ja, suka koma riɗi a kan tsohuwar Jidda. Ba wanda ya yi tafi. Majnuna ta ga dama da kanta, ta saki jiki ta fara juyawa, tana saukowa, tana saukowa, sannan ta buɗe fuka-fuki da sauran sarari mai yawa a ƙarƙashinta. Gwaggo na zaune a kujerar Kaka da muka kai mata, ta kare ido da tafin hannu. Ba ta sauke hannun ba sai da tattabarar ta koma cikin 'yan'uwanta.

"Ashe haka ƙarshen alkafurar yake," ta ce. "Ban taɓa gani ba."